Butar Suruki

Ana jibi Babbar Sallah na shafa wa ƙofar zaurenmu koren fenti, irin na mai. Washegari na sha'afa, na jingina da ita ina sanye da farar shaddata. Da na miƙe, sai ga tutar Najeriya a gadon bayana.

Uwargida ta sa omo, ta sa sabulu, ta cuɗa har hannunta ya yi ja, fenti ko gezau. Wani mai fenti a kasuwar Dambatta ne ya warware mini: fentin mai ba ya jin ruwa, sai ɗan'uwansa mai. Kananzir daga ɗanyen mai ake tace shi, shi ya sa yake narkar da fenti da kwalta da baƙin man keke. Ya ja mini kunne kada in kuskura in taɓa fetur, don tururinsa ya fi iska nauyi, rarrafe yake a ƙasa har ya iske murhu. Na sayi rabin kwalbar kananzir ina ƙunƙuni. Tun da aka janye tallafinsa a 2016, kananzir ya fi ƙarfin fitilar talaka.

Fenti ya fita tas. A nan wayona ya motsa. Kwalbar ta lemo ce, na ji tsoron kada yara su kurɓa, sai na juye ragowar a tsohuwar buta, na ajiye a gindin darbejiya.

La'asar sai ga surukina daga Makoda a kan keke, mura ta toshe masa hanci. Kananzir kuwa a ido ruwan rijiya ne. Muna cikin gaisuwa ya jawo butar, ya yi bisimilla, ya wanke hannu, ya kai baki.

Furzawar da ya yi, har akuya ta tsinke igiya.

Uwargida ta rugo da manja wai ya yi amai. Na tare ta, don aman nan shi ke tura kananzir cikin huhu. Wanda ya haɗiya, asibiti kawai. Allah ya sa Baba bai haɗiya ba.

Na durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya kuskure baki da ruwan randa ya fi sau goma, ya wanke gemu da sabulu, sannan ya dube ni.

"Malam, da wannan kuke alwala a gidan nan?"

"Baba, a gafarce ni..."

"A'a, ni murna nake. Ashe 'yata gidan arziki ta faɗo."