Masu Zaɓen Kar a Tashoshin Damagaram

Zaɓen motar da za a shiga daga Damagaram zuwa Yamai ilimi ne mai zaman kansa, kuma kowane matafiyi yana ganin shi ne shehinsa. Tafiyar kusan kilomita 900 ce a kan babbar hanya mai lamba 1, ta Takeita da Tasawa da Maraɗi da Konni da Dogon Dutsi da Doso. Ana tashi da asuba, sai dare ake sauka. Mutumin Dakusa, wadda ke arewa da Damagaram a cikin gundumar Takeita, yakan shigo tun jajiberi ya kwana a tasha, don haka yana da dare guda cur na nazari. A ƙasashen bakin teku masu hali kan yi irin wannan nazarin a kan jiragen ruwan shaƙatawa, su auna Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, da Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fito a 2024 yana ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Nijar ba ta da teku. Abin da take da shi manyan kar ne na kamfanoni irin su Rimbo da Al Izza, da yawansu ƙirar Sin, kuma gardamar da ake yi a kansu ba ta gaza ta masu jiragen ba.

Wanda aka fi gani shi ne mai binciken taya. Da la'asar yake zuwa tasha, hannu a baya, ya zagaye motocin da ke jere ɗaya bayan ɗaya. Ya shuri wannan taya, ya leƙa ƙarƙashin waccan, ya shafa fenti, ya tambayi karen mota yaushe aka sauya mai. Ya san lambar kowace mota da shekarar da ta shigo gari. Bayan dogon nazari sai ya nuna wata sabuwa fil ya ce ita ce, ya je ya yanki biye da kwanciyar rai. Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne fasinja kamfani yake zaɓa, motar da za ta tashi kuwa shugaban tasha ke fitar da ita. Da asuba sai a tura sabuwar zuwa Agadas, a jawo masa wadda ya fi kushewa jiya. Yana shiga zai fara bayyana wa na kusa da shi cewa dama tsofaffin sun fi ƙarfin inji.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai lissafin rana, kuma shi aƙalla yana da gaskiya a hannunsa. Motar ta nufi yamma, saboda haka a lokacin sanyi rana tana kudu, tana dukan masu kujerun hagu wuni guda. Ya san wannan, ya kuma san kujerun baya a kan taya suke, duk ramin da aka faɗa sai ya isa ƙashin bayan mutum. Yakan nemi dama, tsakiya, jikin taga. Kuskurensa ɗaya ne: ba ya iya yin shiru da iliminsa, har sai mai sayar da biye ya gaji ya ba shi duk lambar da hannunsa ya kai.

Mai neman kilim, wato na'urar sanyaya iska, ba ya tambayar komai sai sanyi. Ya yarda ya ƙara jika biyu ko uku muddin aka rantse masa na'urar tana aiki. Kafin a kai Takeita ya ciro rawani ya naɗe kunnuwa, kafin Tasawa ya toshe kafar iskar da hankici, a Maraɗi kuwa shi ne kan gaba wajen roƙon direba ya rage. Idan ya dawo Dakusa zai shafe mako yana ba da labarin sanyin, yana tari.

Alhaji mai kujerar gaba ba mota yake zaɓa ba, muƙami yake nema. Kujerar bayan direba tasa ce tun kafin a buga biye, domin yana da yaro a tasha wanda ke kama masa ita. Daga nan yake tafiyar da mulki. Ya gaya wa direba inda rami yake, a hanyar da direban ke bi sau da yawa kowane wata. Ya hango jaki tun yana ɗigo ya ce, “Malam direba, a hankali, dabba.” Direba ya ce, “Na gani, Alhaji.” A shingen jandarma shi ke fara gaisuwa, a wurin biyan kuɗin hanya shi ke ƙirga canji da ido. Bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, wannan kuwa bai taɓa rage masa ƙwarin gwiwa ba.

Ga Hajiya ƴar kasuwa, kujera ba komai ba ce. Cikin motar na ƙasa take dubawa. Ta yi sayayya a kasuwar Dole, tana da buhu da kwali da ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba, kuma mota mai kyau a wurinta ita ce wadda ma'ajiyarta ta haɗiye su duka, mai awon kayanta kuma yana jin magana. Cinikin kuɗin kaya yakan fi na biye tsawo. “Haba ɗana, wannan ɗan ƙullin ne za ka ce jika?” Ƙullin ya kai girman ɗan maraƙi. A Galmi za ta ƙara buhun albasa, kuma wurinsa zai samu, ko da a ƙarƙashin ƙafar mai lissafin rana ne.

Akwai kuma ɗan jam'iyya. Kamfani guda ya sani, shi mahaifinsa ya shiga, shi zai shiga har ƙarshen rayuwa. Idan motar kamfaninsa ta lalace a daji, ƙaddara ce; idan ta wani ce ta yi faci, sakaci ne. Ɗalibi kuwa ba ruwansa da sunan kamfani, ramin cajin waya kawai yake nema, idan ya samu ya manne da shi, sauran fasinja su bi layi da wayoyinsu suna kiransa “ƙanena”.

Malam yana da ma'auni biyu, kuma duka ba a jikin mota suke ba. Na farko direban da ke tsayawa salla a kan lokaci, a wurin da ake samun ruwan alwala. Na biyu abin da ake sakawa a talabijin ɗin mota. Yakan tambaya tun a tasha ko wa'azi za a saka ko fim ɗin Kano mai rawa. A ce masa wa'azi. Wa'azin yakan ƙare kafin gari ya waye sosai, fim ya hau, Malam ya runtse ido ya ja carbi. Masu lura sun ce yakan san yadda labarin ya ƙare.

Wanda ya taɓa zuwa Kwatano ya hango jirgin ruwa a tashar teku ya fi kowa wahalar zama da shi. Ba motar da ke burge shi. A nuna masa kujera mai kwanciya ya ce a jirgi gado ake bayarwa. A ba shi ruwan sanyi ya ce can akwai tafkin wanka a saman bene. Jirgin da ya gani na dakon kwantena ne, daga bayan katanga kuma ya gan shi.

Na ƙarshe tsohon Dakusa ne, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zuwa cirani Kano a saman gingimari, bisa buhunan gyaɗa, kakansa kuma ya bi ayarin raƙuma zuwa Agadas a zamanin da fatauci da Turabulus ke ciyar da Damagaram, birnin Sarki Tanimun. Ba ya tambayar kilim, ba ya duba taya. Jikansa ya yankar masa biye, a nuna masa kujera, ya ce, “Nan ne, yaro?” A ce, “Nan ne, Baba.” Ya cire takalmi, ya naɗe ƙafa a kan kujerar, ya ɓare goro ya miƙa wa maƙwabci rabi. Sau da yawa kujerar ƙarshe ce ta kan taya, gefen rana, kusa da ƙullin Hajiya. Barci yake yi tun daga Tirmini, salla kaɗai ke tashinsa, kuma karen mota ne ke girgiza kafaɗarsa a Yamai ya shaida masa an iso.