Zahiri da Baɗinin Bakin Shamuwa

Da a ce Jim Moir, ɗan barkwancin Ingila da aka fi sani da Vic Reeves, wanda kuma ya gwanance wajen zanen tsuntsaye, zai zana marigayi Terry Wogan na BBC da bakin shamuwa da nufin girmamawa, lalle da masu sharhi sun kasu mazhaba biyu: guda ta tsaya ga zahiri, ta ce cin mutunci ne, guda ta nutsa cikin baɗini, ta ce ishara ce ga balagar mamacin. Abin takaici, muftin da ya cancanci raba gardamar, wato Wogan kansa, wanda ya daɗe yana yi wa mawaƙan gasar Eurovision shaguɓe, shi ne ya kwanta dama tun 2016.