Santin Zoɓo a Gidan Surukai

Ni mutum ne mai alfahari da haƙoransa, ko in ce da can haka nake. Ba na cin goro, ba na shan taba, kuma tun ina firamare malamin duba tsafta kan fito da ni gaban layi ya ce in yi murmushi yara su gani. Wannan yabon ya shige kaina ya yi zamansa shekara talatin. Buroshina sai mai tauri, irin wanda in ka danna shi da yatsa yake ramawa. Maiɗakina ta sha faɗa mini cewa in ina goge baki da safe, daga kicin takan ɗauka wani ne ke kankare tukunyar biki. A lissafina kuwa, in kumfar da ka tofar ba ta yi ɗan ja-ja ba, wasa ka yi.

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, surukina ya aiko cewa mu je buɗe-baki ranar goma ga wata. Na tsaya gaban madubi na ga haƙoran sun ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa. Da dare na kai kuka majalisa, sai wani abokina tela ya sunkuyo ya ba ni sirri kamar mai ba da laƙanin kasuwa: a daka gawayi, a zuba gishiri, a matse lemun tsami a kai, a dirza. Kwana bakwai na yi ina wannan aiki bayan tarawihi. Abin mamaki, kullum sai in ga kamar launin ƙaruwa yake yi, ni kuma sai in ƙara ƙarfi.

Ranar ta zo. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga Baba, ga yayyen maiɗakina biyu, ga limamin unguwa cikin farar shadda sabuwa fil. Ni ina can gefe na tanƙwashe ƙafa, kaina a ƙasa, yadda suruki na gari ke zama. Wanda ya yi azumin 2024 a Kano ya san abin da ake nufi da ƙishirwa: zafi ya haura digiri 40, wuta ba ta zama, ƙanƙara ta koma abin da ake bi layi a saya. Da aka kira salla na ci dabino ɗaya, sai aka miƙo mini kofin silba cike da zoɓo, ƙanƙara na iyo a ciki, jikin kofin har zufa yake. Na yi bismilla na kafa kai.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba, sai dai in ce kamar an ɗauki ƙusa an sa a firiza, sannan aka buga ta daga fiƙata ta hagu har tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ni, magidanci mai 'ya'ya uku, na buɗe baki a gaban surukina na ce, "Wayyo Inna!" Zoɓon da ke bakina kuwa bai tsaya ko'ina ba sai gaban rigar liman.

Wuri ya yi tsit. Baba ya ajiye dabinonsa ya dube ni.

"Lafiya dai, ɗana?"

Da mai hankali ne da ya faɗi gaskiya. Amma kunya ta riga hankali zuwa bakina. Na ce, "Lafiya lau, Baba. Santi ne."

Aka fashe da dariya, har liman da ke goge riga. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗaga murya zuwa cikin gida: "Hajiya, zoɓonki ya kayar da mutum! A ƙaro masa, a sa ƙanƙara da yawa." Haka na zauna na shanye kofi biyu, ina karkata kai kamar kaza tana kallon shaho don ruwan ya bi ta dama, hawaye na zuba, ana cewa ka ga mai sanin daɗi. Da aka kawo kunun tsamiya mai zafi na ce to ga sauƙi ya zo. Shi ma ya soke ni a wuri guda.

Kwana biyar na yi ina shan ruwan da aka bari a rana. Majalisa ta sake zama a kaina. Wani ya ce in danna kanumfari, kuma gaskiya ya ɗan kashe wurin na ɗan lokaci, sai dai na wuni ina ƙamshin shayi. Telan da ya jefa ni cikin wannan hali ya rantse tsutsa ce, ya ce akwai mai fitar da ita da hayaƙi a kasuwa. Wani bakanike ya ce ɗigo ɗaya na ruwan batir ya isa. Da na kawo wannan shawara gida, maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta ɗauko hulata ta miƙo mini, ta naɗe buroshina a leda ta ce, "Malam, asibiti za ka, kuma ka tafi da wannan a gani."

Likitar haƙorin mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta kwance ledar, ta ɗaga buroshin da yatsa biyu. Gashinsa ya baje hagu da dama kamar tsohuwar tsintsiya.

"Wata nawa?"

"Sati uku, Likita."

Ta kira ma'aikaciyar jinya ta zo ta gani. Sannan ta kwantar da ni a kujera, ta haska fitila, ta hura iska da wani ɗan bututu a gindin fiƙar. Saura kaɗan in sake kiran Inna.

"Da hannun dama kake goge baki ko?" Na ɗaga kai. Ta ce ta gane ne don ɓarnar ta fi yawa a hagu, inda hannun ya fi samun ƙarfi. Ta ba ni madubi ta nuna mini wasu 'yan kwarmi a wuyan haƙoran, kamar inda igiyar guga ta ci bakin rijiya. Babu kogo, babu tsutsa, ta ce ma ba a taɓa samun tsutsa a haƙorin kowa ba. Ni ne na sassaƙe kaina.

Bayanin da ta yi mini ya fi zoɓon zafi. Farin ɓawon da ke rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma tsami na tausasa shi, kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa. Ni kuwa sai in jiƙa shi da lemun tsami, in bi shi da gawayi da gishiri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, cike da ƙananan hanyoyi dubbai da ido ba ya gani, masu kaiwa ga jijiya. Da zarar sun buɗe, sanyi da zafi da zaƙi da iska duk sun sami ƙofa. Launin da nake yaƙi da shi ashe wannan sashen ne ke leƙowa, ina dirza yana ƙara fitowa. Ga dasashina ma ya ja baya saboda duka, ya bar saiwa tsirara, ita kuwa ba ta da wancan ɓawon tun asali. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ta shafa mini wani maganin fuloraid mai danƙo, ta rubuta makilin na masu irin matsalata, wanda ke kwantar da jijiyar, ta ce kada in sa ran jin canji kafin sati biyu zuwa huɗu. Buroshi mai laushi, in riƙe shi da kan yatsu kamar biro, in riƙa zagayawa a hankali minti biyu, safe da kuma kafin barci. In na gama in tofar kawai, kada in kurkure, don maganin ya zauna. Wannan ta fi ba ni wuya, don ni a rayuwata ban taɓa barin kumfa a baki ba. In na sha zoɓo ko tsamiya ko lemon kwalba, in kurkure da ruwa in jira aƙalla rabin awa kafin in taɓa buroshi. Na tambaye ta asuwaki fa? Ta ce babu laifi, in dai zan tauna kansa ya yi laushi, ba in riƙa zarto da shi kamar kafinta ba. Kuma in ciwo ya fara daɗewa bayan an gama shan abu, ko ya tashe ni cikin dare, to wannan wani zance ne, in dawo da sauri. Buroshina dai ta ce in bar mata, tana so ta riƙa nuna wa mutane.

Da babbar salla muka koma gaisuwa. Haƙoran sun lafa, har ina iya shan ruwan randa ba tare da na tuna mahaifiyata ba. Muna zama sai ga yarinya da jug guda, ƙanƙara har baki, ta durƙusa a gabana ta ce, "Hajiya ta ce naka ne kai kaɗai, tunda kai ne mai santi." Na sa hannu a aljihu na zaro tsinken shan lemo da na taho da shi tun daga gida. Liman ya dube ni, ya dubi jug ɗin, ya tattare rigarsa ya koma bayan Baba.