Mun Rufa wa Rana Kwano

A majalisarmu ta bayan la'asar, nan Hotoro, wani maƙwabcinmu ya dawo daga Asibitin Ƙashi na Dala, ya zube kan benci ya ce wai likita ya ce rana ce ta yi wa tsohuwarsa ƙaranci. Muka kwashe da dariya. Rana? A Kano? Garin da a watan Afrilu ko ƙadangare sai ya nemi inuwa?

Da dariya ta lafa, kowa ya shiga tuna gidansa. Mu fa da zarar Allah ya buɗa mana, abin da muke fara yi shi ne mu rufe tsakar gida ruf da rumfar kwano, mu shimfiɗa tayil har banɗaki, mu rataya wa Hajiya labule mai kauri. "Hajiya ki huta, kin yi mai wuyar." Shi ke nan ta bar shanyar kuɓewa, ta bar zaman hantsi kan tabarma. Daga gado sai sallaya. In biki ya taso a Gyadi-Gyadi, mota ce har bakin ƙofa, gilashi a rufe. Hasken da ya ratso gilashi kuwa ba ya sa fata ta samar da bitamin D, ga fatar tsoho dama ta rage kuzarin wannan aiki, baƙar fata kuma ta fi buƙatar jimawa a rana.

Shi wannan bitamin shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. In ya yi ƙaranci, ƙashi ya yi taushi, tsoka ta saki. Sai ka ga Inna ba ta tashi daga ƙasa sai ta dafa bango, tana tafiya irin ta agwagwa, kullum kukan ƙugu da cinya. Mu kuma amsarmu a baki take: "Sanyi ne, a shafa mata man zafi." In bai ji ba, mu ce tsufa ne, ba shi da magani.

Wani malamin makaranta da ke cikinmu ya ce kada a ɗora wa rana laifin duka. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Jos masu lanƙwasar ƙafa ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu. Nan ma muka yi shiru, don nono da miyar kuka da zogale mun mai da su abincin ƙauye. Gatan Hajiya yanzu lemon kwalba ne da burodi.

Ranar da santsin tayil ya kwashe ta wajen alwala, wa muke fara kira? Mai ɗori. Ya zo da karansa da tsummansa, alhali karayar ƙugu can ciki take, ba inda kara zai kama. Likitoci sun fi so a yi aiki cikin kwana 2. Mu sai an yi makonni, baya ya fara gyambo, sannan a nemi mota.

Maƙwabcin namu dai ya sa kafinta ya cire fallen kwano biyu daidai ƙofar ɗakin tsohuwar. Washegari da hantsi ta leƙo daga kan kujerarta, ta ga sama a buɗe, ta ƙwala masa kira: "Kai, ɓarayi sun shigo mana jiya da dare!"