Bazazzagi, zuwa ka yi ko yi ka yi?

Gaisuwa gare ka Bazazzagi, bawan Kanawa, Farfesan gindin Ƙofar Doka. An ce yanzu ba taron da ake yi a ƙasar nan ka dawo ba ka ce mana "I participated" ba, har wanda kowa ya san a kujerar baya ka sha barci, sai da ƙamshin shinkafa ya tashe ka. Haba Zage-zagi! Kwalejin Barewa ta tare a garinku tun 1949, Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, amma a ce Bakano mai awon gero a Dawanau ne zai gyara muku Turanci? To, gyara zama. Yau kyauta zan koya maka, abin da ka san Bakano bai saba ba.

"Attend" dai kai aka raɗa wa. Ka je, ka zauna, an gan ka, ka sa hannu a rajista, shi ke nan. Ba wanda ya nemi ka ce uffan. Kai tsaye ake haɗa shi da sunan taron, ba ya son "to" a tsakani. Da ka cusa masa "to" ya koma kula da abu, yadda likita ke duba marar lafiya. Saboda haka ranar da ka ce "I attended to the wedding", cewa ka yi kai ka ɗauki hidimar bikin. Kai ɗin da ko gudummawa ba a gani ba!

"Participate" da "take part" kuwa sai da gumi, kuma kowannensu "in" yake ja a baya. Na farko daga Latin ya fito, ma'anarsa ɗaukar kaso, abin da na biyu ke faɗa da Turancin gida ke nan. Na farko ya fi zama a rahoto da takardar ofis, na biyu a bakin masu hira. Lokacin da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Amurka a 1994, su Rashidi Yekini da suka lallasa Bulgeriya uku da nema su suka yi "take part". Wanda ya yanki tikiti ya shiga fili ya yi "attend". Kai da ka leƙa talabijin ɗin maƙwabta ta taga, "watch" ma da ƙyar za a ba ka. Af, kada in manta: mutum ne ke "take part", taro ne ke "take place". Ka sha kife su, na yi shiru ne saboda zumunci.

"Join" ba shi da wuya. Ka tarar ana yi ka shiga, ko ka yanki katin ƙungiya. Wannan ka iya, musamman in an baje faranti.

Inda nake jiye maka shi ne "involved". Ka ji kalmar da nauyi a baki, sai ka riƙa maƙala ta ko'ina. Sauran duk kai ka kai kanka, wannan kuwa sau da yawa jawo ka aka yi, ko tsautsayi ya rutsa da kai. Buɗe jaridar Turanci ka ga maƙwabtanta: haɗarin mota, damfara, faɗan daba. Ba kullum take da sharri ba, a'a, wanda ya shiga shirya taro dumu-dumu ma ana cewa yana "involved in" shirin. Amma in ɗan sanda ya tambaye ka "Were you involved?", ranka ya daɗe ba yabon ƙwazonka yake ba, kar ka washe baki ka ce "yes". Mafi muni, ka sauya "in" da "with" ka liƙa sunan mace a gaba. Ka shelanta soyayya ke nan, kuma uwargida ta yi Turanci a makaranta. Haka "engaged": da "in" aiki kake, da "to" baiko aka yi maka. Harafi biyu kacal, sai ka kwana a zaure.

Ban ga laifinka sosai ba fa. Mutumin da zai ce "matana ya dawo" da harshen da ya sha a nono, ina shi ina rarrabe "in" da "with" na Turawan Ingila? Yi haƙuri, suɓutar baki ce. Ba ta suɓuce ba.

Don kar ka tafi hannu rabbana, na samo maka taka ta kanka: "partake of". Tsohon Turanci ne mai ƙamshin littafi, irin wanda kuke so, kuma yawanci kan ci da sha ake faɗar sa. Wannan kam ko a gaban alƙali zan tsaya maka shaida, ba walimar da ta taɓa wuce ka tsakanin Tudun Wada da Samaru.

In kana da ja, ga fili nan mako mai zuwa. Ka zage ni son ranka, gurasa da son kuɗin duk na sani. Sai dai kafin ka aiko, ka ba wani Bakano ya duba maka "ya" da "ta".