Kowa da Karabonsa

A Garwa, muddin kana kan kwalta, kowa direba ne. Babbar hanyar nan da ta gangaro daga Ngaundare, ta haye gadar Binuwai, ta ratsa Pitowa da Figil ta nufi Marwa, ko ɗan koyo zai bi ta, in dai ya iya kauce wa rami da tirela. Ranar sanin maza ita ce ranar da aka saki kwalta cikin watan Agusta aka doshi Rai Buba, ko Poli, ko ƙauyukan bakin Faro. Ranar ce ake tunawa cewa a gefen sandar giya akwai wata 'yar gajeriyar ƙanwarta, mai ɗauke da 2H, 4H, N da 4L a bisa kai.

Mutanen Najeriya ogzilari suke ce mata. Mu da Faransanci ya raini kanikawanmu, karabo muka sani, motar kuwa kat-kat. Sandar tana sarrafa wani akwatin ƙarfe ne da ke manne a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfin inji gida biyu: farfela ɗaya ta kai wa tayoyin baya, ɗaya ta kai wa na gaba. A cikinsa akwai haƙora masu rage gudu. Ka ja sanda zuwa 4L, gudun mota ya ragu ya koma ƙasa da rabi, ƙarfin jan taya ya ninka fiye da sau biyu. Iyakar karatun ke nan. Amma zaman da na yi a bencin mai shayi, ƙofar wani gareji, ya nuna mini cewa wannan ɗan karatu ya raba masu mota ƙabila-ƙabila.

Akwai Alhajin Kwalta. Ya sayo Prado daga Duwala don maƙwabcinsa ya saya. Tafiyarsa daga gida sai shago, Juma'a sai babban masallacin Pumpumre, ranar da Coton Sport ke wasa ya leƙa filin Rumde Ajiya. Ƙaramar sandar ta zame masa maratayar carbi. Shekara biyar ba ta motsa ba, har ta sandare. Ran da ta'aziyya ta kai shi ƙauye, mota ta nutse cikin yashin wani busasshen mayo, wato rafi, direba ya miƙa hannu zai ja ta, sai Alhaji ya doke hannun: "Kai yaro, kada ka taɓa mini abin da Bature bai ce a taɓa ba!" Motar dai Japan aka ƙera ta, amma a wurin Alhaji duk wanda ya iya narka ƙarfe Bature ne.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Karabo. Shi kuɗinsa ya biya na taya huɗu, don haka taya huɗu za su yi aiki, ko a kan kwalta. Abin da bai sani ba shi ne, Hilux da Land Cruiser ta dako ba su da abin da ke sasanta gaba da baya. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin hanya. A laka ko yashi taya ɗaya takan ɗan zame, rigima ta mutu. A kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗe juna. Kafin ya kai Ngong sitiyari ya yi tauri, tayoyi na kuka a kowace kwana, sanda ta ƙi fita ko da ya taka ta da ƙafa. Da ya ɗan ja da baya, ko ya ɗaga taya ɗaya da jak, da ta saki. Shi kuwa sai ya fara lissafa waɗanda ke baƙin ciki da motarsa, ya soma daga ƙanin matarsa.

Tsakaninsu akwai Mai Mantuwa. Ya ja karabo daidai, ya danna totur, laka na tashi sama kamar ana aikin yaɓe, tayoyin gaba kuwa suna tsaye suna kallon ikon Allah. Bai sauka ya murɗa makullan cibiyar taya daga FREE zuwa LOCK ba. Wani ɗan makaranta mai wucewa ne zai nuna masa, shi ma sai ya sha tsawa tukuna.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne Injiniyan Waya. Saurayi ne mai 'yan kuɗi da data mai yawa. Ya kwana yana kallon Amurkawa a duwatsun Moab na jihar Yuta, motocinsu na rarrafe a kan dutse kamar ƙadangare, ya wayi gari da tabbacin cewa kamfanin Toyota bai gama aikinsa ba. Ga shi da takarda da biro a gareji. Tsohuwar Hilux, in ji shi, giyarta ta ɗaya 3.95 ce, ƙaramar giya 2.28, aksul 4.10, ka ninka su, inji zai juya kusan sau 37 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan a wurinsa abin kunya ne. Tsohuwar Land Rover Defender ma 3.32 take da shi a ƙaramar giya, Jeep Rubicon kuwa 4 cif. Shi haƙoran 4.70 yake so, irin waɗanda kamfanin Marlin Crawler ke sayarwa a Kalifoniya, lissafi ya tashi zuwa 76. In Allah ya hore, ya jera akwati biyu a gaba da baya, ya haura 170.

A gaskiya lissafinsa babu kuskure, kuma abin yana da amfani a inda aka yi shi dominsa. Mai hawan dutse yana son mota ta taka a hankali ba tare da ya ƙona kuloci ba, in za ta gangara kuma inji ya riƙe ta ba birki ba. Da a ce kullum hanyar Mokolo zuwa Rumsiki yake bi, ko duwatsun bayan Poli da kaya niƙi-niƙi, da na ce masa madalla. To amma gonar mahaifinsa a fadama take, cikin baƙar ƙasar nan ta karal da ake dasa masakwa, wadda in ta sha ruwa take cika zanen taya ta mayar da ita santsi kamar sabulu. Karal tana son taya ta juya da ɗan kuzari ta kakkaɓe kanta, mota ta shiga da ƙarfinta na tafiya. Mai 76 a giya ta ɗaya, inji a silo, bai kai kilomita 2 a awa ba. Tsohuwa mai tallan gyaɗa za ta wuce shi, ta waiwayo ta yi masa sannu. Dole ya tashi a giya ta uku, wato ya kashe kuɗin sa guda don ya koma inda yake tun farko.

Kafin ma a kai nan, akwai labarin zuwan kayan. Wata uku ana jira, a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan, a buɗe kwali da bisimilla, sannan a tarar ramin haƙorin na tsaga 21 ne, shaf ɗin motarsa mai 23. Ko kuma a kwance akwatin a ga na sarƙa ne, irin na sababbin Hilux, alhali haƙoran na tsohon akwati ne mai haƙora zalla. In an yi sa'a sun dace, sai an ɗan goge cikin akwatin kafin babban haƙori ya sami wurin juyawa, aikin da ke son ma'auni da haƙuri. Bakanikenmu kuwa guduma ce ma'auninsa. Ran da aka gama, Injiniya zai zagaya gari yana rantsuwa motar ta ƙara gudu a kwalta, alhali babbar giya ko taɓa ta ba a yi ba. Ƙarfin da ya ninka kuma yana nan yana jiran ranar da taya ɗaya za ta maƙale tsakanin duwatsu ya taka totur: ƙas! shaf ɗin taya ya tsinke kamar rake.

Amininsa shi ne Mai Manyan Tayoyi, wanda ya ɗora wa mota takalman da suka fi ƙarfinta don a gan shi daga nesa. Babbar taya giya ce da kanta: tana ƙara tsawon taku, tana rage ƙarfi. Ga mota ta yi kwarjini a tsaye, ga ta tana nishi a hawan dutsen Mbe, tirelar auduga na yi mata ham daga baya. Shi kaɗai ne a cikinsu yake da hujjar sauya haƙora, na aksul ma ba na karabo ba, kuma shi kaɗai ne bai taɓa tunanin haka ba.

Sai kanikawa, Allah ya bar mu da su, don in babu su da rabin motocin Arewa sun zama akurkin kaji. Amma a cikinsu akwai Mai Ɗaurin Aure. Haƙoran aksul ɗin baya sun lalace, ya tafi wurin masu kayan Beljiyam ya ɗauko wanda ya shiga ramin, ko ƙirga haƙora bai yi ba. Gaba 4.10, baya 4.56. Muddin ana 2H zaman lafiya ake, don ba su haɗa miji ba. Ranar da aka ja karabo, gaba na son sauri, baya na jan ƙafa, akwatin da ke tsakani ya zama mijin mata biyu ranar rabon naman layya. Ka koma masa da ƙorafi, ya sa kunne, ya gyaɗa kai: "Maigida, ai sabon aure ne, za su saba."

Fasinja ma ba a bar shi a baya ba. Yana zaune a kan buhun albasa, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma da taya ta ɗan zame shi ne mai ihun "Sa karabo! Taka wuta!" In aka ce a sauka a tura, sai ciwon bayansa ya tashi. Turin ya koma hannun samarin ƙauyen da ke zaune a inuwa, daidai bakin taɓon, da shebur da igiya a shirye, kamar an aika musu da goron gayyata. Farashinsu na tashi gwargwadon nitsewar taya da kyan rigar mai mota. Direbobi na rantsuwa cewa akwai taɓon da ba ya bushewa ko da rani. Ni ban ga mai bokiti ba, don haka ba zan ɗauki alhakin kowa ba.

Na ƙarshe ba ya zama a gareji, shi ya sa ba a cika jin labarinsa ba. Tsohon direba ne da ya yi ƙuruciyarsa yana zagaya kasuwannin auduga, daga Tuboro zuwa Gidar. Land Cruiser ɗinsa mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, yadda ta fito daga kamfani haka take, in ban da fenti da ya koɗe. In ya iso bakin mayo sai ya tsaya, ya naɗe wando, ya ɗauki sanda ya ratsa ruwan da ƙafa, fasinjoji na tsaki. Ya dawo ya kulle tayoyin gaba tun yana kan busasshiyar ƙasa, ya rage iska in yashi ne, ya taka kuloci ya shiga 4L mota na tsaye, ya ɗauki giya ta biyu, ya bi ta da murya ɗaya har gaɓa, ba ƙari ba ragi. Washegari ya kwance ƙusar akwatin ya duba mai; in ya ga ya yi fari kamar kindirmo, ya san ruwa ya shiga, ya zubar ya zuba sabo.

Da irin wannan dattijo na taɓa tafiya, amma a wata kat-kat da na yi haya, mai sheƙi, wadda mai ita ya ce mini ko Binuwai za ta haye. Muka iso wani mayo bayan Cholire. Baba ya ja karabo, ya saurara, ya ɗan taɓa totur, ya kashe mota. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Da ya fito sai ya karkaɗe hularsa ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka motar nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, sanda tana nan, akwati yana nan, farfelar gaba ce ba ta zo da mu ba." Ashe ta taɓa yin ƙara, wani gwanin bakanike ya warkar da ƙarar ta hanyar kwance ta gaba ɗaya, ya jingine a bayan gareji, ya ce ai mota ma ta huta da shan mai. A bakin mayon muka kwana, sauro ya yi walima.

Don haka mai karatu, in za ka sayi kat-kat a Garwa ko ka yi haya, kafin ka tambayi ko haƙoran nawa ne a cikin akwatin, nemi buhu ka shimfiɗa, ka leƙa ƙasa ka ƙirga farfela. Biyu ne.