Yadda Za Ka Ɗaure Robar Akwatin Wasanka Kafin Yaran Kirkissoye Su Kwance Masa Zani

Duk wanda ya tsallaka Gadar Kennedy ta Yamai ya je kasuwar Katako ya ɗauko katako, ya dawo Harobanda ya haɗa akwatin wasa da tsohuwar talabijin da maɓallai masu launi, ya cancanci jinjina. Ka zuba masa Pac-Man na 1980 da Street Fighter II na 1991, yaran unguwa sun yi layi, 'yan dala biyar-biyar suna ta shigowa. Sai wata safiya ka ga robar da ka zagaye gefen katakon da ita ta ɗaga kai a kusurwa. Kada ka ce ƙaramin abu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren nan kuwa yatsu goma gare shi, kuma ajinsa uku a firamare.

Na ɗaya: ka san abokin faɗanka. Robar nan fuska gare ta da ƙafa. Fuskar ce ke rufe bakin katako, ƙafar kuma mai ƙayoyi ce ke shiga wata siririyar tsaga da ba ta kai milimita 2 ba. Masu ƙera akwatunan asali da inji suke yanka tsagar, shi ya sa ƙayoyin ke kamawa ba tare da gam ba. Kai kuwa da zarto ka yanka taka, kana yi kana sauraron ƙwallo a rediyo, don haka wani wurin ta matse, wani wurin ta yi hamma. Hunturu ya busar da katako, damina ta kumbura shi, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya miƙar da robar. Abin mamaki shi ne da ta kai wata guda.

Na biyu: kada ka kai maganar fada. Da ka buɗe baki tsakanin shayin farko da na biyu, kowa ya zama injiniya. Mai cewa a buga ƙusa bai gaya maka kan ƙusar zai yage rigar Sallar wani ba, kuma uwar yaron ta san ƙofar gidanka. Mai cewa a ɗiga gam ɗin nan mai kamawa nan take bai san yana bushewa ya yi ƙarau ya fashe ba, bayan ya manne maka yatsu biyu. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana yi a ɗaki mai sanyi, amma a ƙarƙashin kwanon Yamai da azahar yakan tuna asalinsa ya sake laushi. Wanda ya ce cingam, ka zuba masa shayi ka yi masa addu'a.

Na uku: ka zare ta, ka yi shara. Ka ja robar a hankali har inda take riƙe da gaske. Tsagar cike take da ƙurar hunturu da ɓawon gyaɗa, gam kuwa ba ya kama ƙura. Ka goge da buroshin haƙori, amma ka tabbata mai shi ya daina amfani da shi, don a zauna lafiya.

Na huɗu: ka shanya ta. Minti goma a rana ya isa ta yi laushi ta saki lanƙwasarta. Rana dai kayan aiki ce da ba a saye a Katako. Ka tsaya a kanta, saboda akuyar maƙwabta ba ta bambance roba da igiyar rogo. In ka zo mayarwa kada ka ja ta don ta ƙara tsawo. Da dare ya yi sanyi za ta koma yadda take, ta bar maka giɓi.

Na biyar: ko ka ƙara wa ƙafar ƙiba, ko ka rage wa tsagar faɗi. In sakin kaɗan ne, ka lulluɓe ƙafar da salatif na masu gyaran wuta. In tsagar ta zama kwata, ka kwaɓa garin katako da farin gam na kafinta, ka cike ta, ta kwana ta bushe, ka sake yankawa, yau da rediyo a kashe. Inda ta ƙi ji, ka nemo gam ɗin masu gyaran takalmi. Ana shafa shi gefe biyu, a jira kamar minti goma zuwa sha biyar har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Mai gaggawa da ya haɗa shi da ɗanyensa zai sake aikin jibi. A waje za ka yi, nesa da murhun shayi, domin warinsa na juya kai, kuma da wuta ƙawaye ne.

Na shida: ka lallashi kusurwa. A nan robar ke fara tawaye, saboda ƙafar ba ta da wurin naɗewa. Ka sa reza ka ɗan cire ƙananan yanka masu siffar V daga ƙafar, ban da fuskar, sai ta lanƙwasa ba gardama. Ka fara ka kuma ƙare a ƙasa ko a baya, inda farce ba ya kaiwa. Ka bubbuga da gudumar roba, ko guntun katako da aka naɗe da tsumma. Silifas ma yana yi, in ba ka damu masu wucewa su ɗauka kunama kake kashewa ba. Daga nan ka karɓo tsohuwar robar cikin taya wurin mai faci, ka ɗaure akwatin tamau har wayewar gari.

Na bakwai: ka tuna inda kake zaune. Unguwarku Kirkissoye a nan Harobanda maƙwabciyar kogin Isa ce da gonakin shinkafa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 ba ya buƙatar dogon bayani. Allon da aka matse daga garin katako in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje, babu gam ɗin da zai riƙe shi. Ka ɗora akwatin a kan bulo huɗu. Gara ma za ta sha wahalar hawa.

Na takwas: ka gyara masu wasa. Gaskiyar magana, rana da ruwa 'yan rakiya ne. Mai ɓare roba shi ne wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa da Chun-Li a Street Fighter, yana jiran layi ya sake zagayowa, hannunsa ba aikin yi sai tsince-tsince. Ka ajiye benci taku uku daga akwatin, ka naɗa mafi ƙiriniyar cikinsu sarkin roba, albashinsa wasa ɗaya kyauta kowace yamma muddin gefen yana nan lafiya. Kafin mako ya zagayo, ko kai mai akwatin sai ka nemi izininsa kafin ka jingina.